Nauyin Modu

A garajin Abarshi da ke bakin kwalta, daidai mashigar Gure, akwai wani tiyo na ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da rabi wanda ba a aronsa. Ana aron kirik na ɗaga mota, ana aron guduma, har injin walda an taɓa ara aka dawo da shi a ƙone, amma tiyon nan ko mai gari ne ya aiko sai dai ya yi haƙuri. Na Modu ne. Ba da kuɗinsa ya saya ba, shekara ashirin da bakwai da ya yi yana hawansa ne suka mallaka masa shi, har ƙarshensa ya yi sheƙi don gugar tafin ƙafa.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai taɓa kwance tayar kamiyo ba. Bulon ɗin da ke ɗaure tayar babbar mota ba ya jin lallashi. Motar da ta taso daga Difa da buhunan tattasai, ta sha rana ta sha rairayi, bulon ɗinta kan kame kamar a nan aka halicce shi. Sai Abarshi ya durƙusa ya ɗora kile, wato sifana, a kai, ya zura tiyon a hannun kilen, ya riƙe gam kada ya goce. Modu kuma ya tuɓe takalmi, ya dafa jikin motar, ya ce bismillah, ya hau ƙarshen tiyon. Ba ya tsalle. Tsalle, in ji shi, aikin marasa nauyi ne. Tsayawa kawai yake yi ya saki jikinsa, sai ka ji bulon ya yi wani kuka mai tsawo ya sallama.

A lokacin da duniya ke yi da shi, Modu kilo casa'in da takwas ne a sikelin masu kanwa, kuma ba ya bari a manta da takwas ɗin. Shoferori daga Damagaram har Maine sun san shi. Ya girmi Abarshi da shekara shida, shi ya sa Abarshi ke ce masa Ya Modu, yadda Barebari ke kiran na gaba da su. Shi kuma yana kiran Abarshi patoro, wato maigida, da wata murya da ke nuna bai ɗauki sarautar da muhimmanci ba.

Sai ciwon suga ya kama shi. Tun bara waccan ya fara zubewa, ba da gaggawa ba, kaɗan-kaɗan, yadda sai wanda ya yi wata uku bai gan shi ba ne zai tsaya ya yi salati. An hana shi shayi mai zaƙi, an hana shi dabinon kwari da yake cika aljihu da shi. Mazagin wandonsa ya yi ta ƙara tsawo. Matarsa ta riga ta rasu, ɗaki ɗaya ya rage masa a unguwa, kuma ƴarsa Yakura da ke aure a Gidigir ba ta bar shi ya huta da waya ba: ya dawo wurinta, ta dafa masa abin da likita ya ce, ta ga ya sha magani a kan lokaci. Modu ba ya iya amsa waya sai ya buɗe ta kowa na ji, don haka Abarshi da kunnensa ya ji amsar.

"Yakura, ranar da garaji ya daina bukatata, zan zo. Na yi miki alkawari."

Tun daga ranar Abarshi ya shiga tsoro, tsoro na gaske, irin wanda babban mutum ke jin kunyar faɗa. Bai san yadda ake buɗe garajin nan da safe ba tare da ya tarar da Modu zaune a kan tsohuwar taya yana zagin kaji ba. Sai ya koyi wata dabara. In Modu ya hau tiyo, shi da ya kamata ya riƙe kile kawai, sai ya ɗora kafaɗarsa ta dama a gindin tiyon ya danna da dukan ƙarfinsa, fuskarsa a sunkuye kamar yana duba tsatsa. Bulon ya saki, a ce Modu ne. Da yamma kuma ya je gida matarsa ta shafa masa man zafi tana tambayarsa ko dambe ya koma yi da tsufansa.

Dabarar ta yi aiki wata bakwai. Ta ƙare ranar wata Laraba da hantsi, a kan motar wani shofer mai suna Haruna, mutum mai tumbi da gajen haƙuri, wanda ya ɗauko shanu kuma rana na yi musu yawa. Modu ya hau, Abarshi ya danna, bulon ya ƙi. Modu ya sauka ya gyara tsayuwa ya sake hawa. Shiru. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara ashirin da bakwai: ya yi tsalle. Tiyon ya ɗan lanƙwasa ya mayar da shi sama, bulon kuwa ko gezau.

"Baba, ɗan matsa," in ji Haruna. Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. Ya hau da takalminsa, takalmi a kan tiyon Modu, bai ko ce bismillah ba, bulon ya saki nan take.

Modu ya juya. Ya sa takalmansa, ya koma kan tayarsa ya zauna. Da motar ta tafi sai ya ciro waya ya kira Ɗan Kasuwa, wani mai sayar da kayan aikin mota da ke zuwa daga Damagaram sau biyu a wata, ya ce masa in zai zo ya taho da bindigogin nan masu batir da yake ta talla.

"Wa ya ce muna so?" in ji Abarshi.

"Ni na ce, patoro."

Sunanta na takarda kile-a-shok, amma kowa bindiga yake ce mata, don siffarta da ƙararta. Ɗan Kasuwa ya iso ranar Asabar bayan azahar, ya buɗe bayan motarsa ya jera akwati uku a kan tabarma. Mutum ne mai daɗin baki, irin wanda zai sayar maka da bargo a tsakiyar bazara ka yi masa godiya. Ya ce waɗannan ba ruwansu da injin iska, ba ruwansu da ko an ɗauke wutar gari. Batir biyu kowacce ke zuwa da shi, ɗaya na aiki ɗaya na shan caji. Ƙaramar, mai lamba ɗari huɗu, ta ƙananan motoci ce, ba ta gajiyar da hannu. Ta tsakiya ɗari tara, tana yin pikap da bas. Babbar kuwa dubu ɗaya da ɗari biyar, bakinta ma ya fi na sauran kauri, sai an riƙe ta da hannu biyu.

Abarshi ya ɗauki kowacce yana neman aibinta kamar mai sayen akuyar da ba ya so. Batir ba ya son zafi, in ji shi, kuma Gure ba Faransa ba ce. Rairayi zai shiga ta nan. Wannan robar ba za ta kai damina ba. In ta lalace wa zai gyara? Ɗan Kasuwa yana da amsar kowacce, har da wadda ba a tambaya ba.

Modu ya bar su suka gaji, sannan ya nuna akwatunan da haɓa.

"Lambobin nan, me suke aunawa?"

"Ƙarfin murɗa, Baba."

"To wacce ce ni a ciki?"

Ɗan Kasuwa ya yi dariya, ya ga ba wasa ake ba, ya ciro waya. Ya tambayi tsawon tiyon, aka gaya masa. Ya tambayi nauyi.

"Casa'in da takwas," in ji Modu.

Ɗan Kasuwa ya dube shi daga sama har ƙasa, ya dai danna. "Kai! Dubu ɗaya da ɗari huɗu da wani abu. Baba, ashe kai ne babbar." Da ya tsaya nan da ya kyauta. Amma mai daɗin baki ba ya sanin inda ake tsayawa. "Yanzu kuma fa, nawa kake?"

"Sittin da ɗaya."

"To ka ga, yanzu ta tsakiyar nan ce kai, har ta ɗan fi ka kaɗan."

Abarshi ya ji kamar ya ɗauki guduma. Maimakon haka sai wata shawara ta faɗo masa, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce shi ba ya sayen abu a kan lamba, sai an gwada. In bindiga ta kwance abin da Ya Modu ya ɗaure, ya saya. In ta kasa, a mayar da ita akwati a daina damunsu.

A bayan garajin akwai wata tsohuwar kamiyo ƴar Japan da ta yi shekara goma sha ɗaya a wurin. An yi mata sababbin tayoyi, mako bai zagayo ba injinta ya fashe, mai ita ya ce zai dawo da wani daga Kano, har yau ana jiransa. Kaji na ƙwai a cikinta, a mazaunin shofer. Modu ne ya ɗaure tayoyin nan da ƙafarsa, lokacin yana da casa'in da takwas ɗinsa cif.

"Mu yi ta wannan gefen," in ji Abarshi, ya kai su ɓangaren hagu. "Nan ne inuwa."

Inuwa kam akwai. Amma ba don ita ya zaɓi gefen ba. Irin waɗannan tsofaffin motoci, bulon ɗin tayoyinsu na hagu bahago ne: inda ake murɗa na kowa ya kwance, shi nan ne yake ƙara ɗaurewa. Akwai ƴar alama da ake bugawa a kansa, amma tsatsa ta cinye ta tuntuni. Duk tsohon makanike ya san wannan. Ɗan Kasuwa kuwa kwali ya sani, bai taɓa kwana ƙarƙashin mota ba. Abarshi ya saci kallon Modu, ya ga yana kallon kaji, sai ya ce a ransa shekara sha ɗaya ba kwana sha ɗaya ba ce, ya manta.

Ɗan Kasuwa ya naɗe hannun riga ya sa ƙaramar. Ta yi ta-ta-ta-ta, kaji suka watse, bulon bai motsa ba. Ya ce dama wannan ta ƙananan motoci ce. Ya sa ta tsakiya, ƙarar ta fito da masu faci da masu wankin mota daga rumfunansu, suka zagaye wurin. Ta daka har ƙurar tsatsa na zuba, ba labari. Da ya ɗauko babbar sai ya buɗe ƙafafu ya cije leɓe. Ta girgiza shi har hularsa ta faɗi, jikin motar gaba ɗaya na amsawa, ya saki, ya sake dannawa, ya canza batir, ya sake. Bulon na nan inda Modu ya bar shi.

Wurin ya kaure da shewa. Wani ya ɗaga hannun Modu sama kamar ɗan kokawa. "Modu ya kayar da Nasara!" Wani na cewa dama ya faɗa, ƙafar mutum daban ce. Modu ya yi dariya, dariyarsa ta da, wadda ke sa shi riƙe ciki, ko da yake yanzu ba cikin da zai riƙe. Abarshi ya yi wata bakwai bai ji ta ba. Daɗi ya cika shi, kunya ma ta cika shi, ya rasa wacce zai sa a fuska.

"To, Ɗan Kasuwa, ka gani," ya ce da sauri. "Sai wani zuwan."

Ɗan Kasuwa na share gumi yana gunagunin cewa ko dai an yi wa bulon ɗin walda. Ya fara mayar da babbar cikin akwati. Modu ya bar shi har ya rufe maɓalli ɗaya. Ya karɓi ruwa ya sha, ya bar masu yabo suka gama yabonsu tas, bai katse kowa ba. Sannan ya ajiye kofin.

"Ɗana, buɗe akwatin. Akwai wani ɗan maɓalli a saman kunamar, ko? Tura shi ɗaya gefen. Bulon ɗin bahago ne. Tun ɗazu ƙara mini ɗauri kake yi."

Abarshi ya sunkuyar da kai.

"Ya Modu..."

"Patoro, ni na ɗaure tayar nan. Ko kaina ya manta, ƙafata ba ta manta wajen da tiyo ya kalla ba." Ya yi murmushi. "Amma na gode. Na ji daɗin shewar, wallahi na ji daɗinta."

Ya ce a yi adalci, a bar bulon ɗin da aka wahalar, a kama na kusa da shi, a kuma faro daga ƙaramar. Ƙaramar ta yi iyakarta ta kasa. Aka sa ta tsakiya, wadda aka ce ita ce shi na yau. Ta daɗe tana daka, Abarshi ya ga leɓen Modu na motsi, bai san ko addu'a yake ta kwance ko kada ta kwance ba. Ita ma ta kasa. Da aka zo kan babbar, Modu ya tare hannun Ɗan Kasuwa.

"Ba shi. Shi zai riƙa riƙe ta."

Abarshi ya karɓa. Nauyinta ya ja kafaɗarsa mai ciwo. Ya durƙusa a inda ya saba durƙusawa, ya ɗora bakinta a kan bulon, ya kasa dannawa.

"Bismillah," in ji Modu a bisa kansa.

Ya danna. Bugu ne da bai kai numfashi huɗu ba, sai ƙarar ta sauya ta zama fiii, bulon ya fito ya faɗi cikin rairayi. Ko kukan nan mai tsawo bai yi ba. Babu wanda ya yi shewa. Modu ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka, ya yi ta jujjuya shi daga hannu zuwa hannu don zafi.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Sai da aka kawo babbar. Ita za ka saya, patoro. Kada in ji ka sayi ta tsakiya a ce ita ce ta gaje ni."

Da mutane suka watse, Ɗan Kasuwa ya koma wajen motarsa, Abarshi ya zauna a ƙasa ya jingina da tayar, bindigar a cinyarsa. Haushi ya taso masa, irin haushin da ke zuwa in mutum na gudun kuka.

"Me ya sa ka faɗa? Da ya tafi da kayansa, da mun ci gaba yadda muke."

"Yadda muke?" Modu ya zauna kusa da shi. "Ni ina sama ina kallon ƙasa, patoro. Wata bakwai ina ganin ƙeyarka tana rawa. Ka ɗauka ban san kafaɗar wa ke kwance bulon a garajin nan ba? Na yi shiru ne don ina son zuwa. Ranar Laraba na ga ka miƙe ka kasa ɗaga hannunka. In na ƙara wata uku, mu biyu za a kai Gidigir, kuma Yakura ɗaki ɗaya ta gyara."

"Ka riƙa zuwa kana zama kawai. Wa ya hana ka?"

"In zauna in yi gadin kaji? Na yi wa yarinya alkawari." Ya ciro wayarsa, ya buɗe ta kowa na ji kamar kullum. Abarshi ya tashi ya shige cikin garaji don kada ya ji, amma muryar Yakura ta biyo shi har can, tana murna tana kuka.

Ranar Litinin da safe Modu ya zo da jaka ɗaya da tabarma a naɗe. Ya ce abu ɗaya zai ɗauka a garajin. Ya je ya kama tiyon ya tayar da shi tsaye, ya yi yunƙurin ɗora shi a kafaɗa, tiyon ya rinjaye shi har ya yi taga-taga. Ya tsaya yana haki, yana kallonsa kamar ƙarfen ne ya canza. Abarshi ya karɓa ya ɗora a kafaɗarsa ta hagu, suka kama hanyar tasha, Modu a gaba da jakarsa, shi a baya. A tasha aka ɗaure tiyon a saman bas tare da buhuna. Suka yi musabaha, suka daɗe ba su saki hannu ba, kuma duk surutun shekara ashirin da bakwai ba wanda ya sami abin faɗa sai a gai da Yakura.

Da ya dawo ya tarar da kamiyo na jiransa, tayar baya ta yi faci. Haruna ne, da wasu shanun. Abarshi ya ɗauko bindigar, ya sa batir, ya durƙusa, ya ɗora bakinta a kan bulon na farko, ya riƙe gam da hannu biyu. Sai ya tsaya a haka, kai a sunkuye.

"Malam Abarshi, lafiya?" in ji Haruna. "Me kake jira?"

Sai a lokacin ya gane abin da yake jira. Ya ɗaga kai ya dubi inda mutum ya kamata ya dafa jikin motar, ba kowa sai shanu na leƙowa ta tsakanin katako. Ya share ido da kafaɗa, ya faɗi bismillar da kansa, ya danna.